Karen Gida da Karen Buzu a Dajin Birnin Gwari

A Tsohon Birnin Gwari, a da, ba a tambayar mutum wane irin kare yake so, sai dai wace dawa yake shiga. Mai bin gafiya da gyazbi a bakin fadama daban, mai tare gada a kurmi daban, kowa kuma ya san kwikwiyon da zai roƙa in karyar maƙwabci ta haihu. Roƙo ake yi, ba ciniki ba. Malaman zaure masu karantar da Risala sun sha faɗa mana cewa an hana sayar da kare, an kuma yi saɓani a kan na farauta da na gadi. Don haka sai a ba ka kyauta, kai kuma ka aika da goro.

Masu ɗauka cewa Bahaushe Musulmi da kare sai hange daga nesa ba su zauna da mafarauta ba. A Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarren kare ya kamo in an ambaci sunan Allah. Shi kansa mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, an ruwaito ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so hakan ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Iyakar da iyayenmu suka ja ita ce ɗaki da tabarmar salla. Wurin kare ƙofar gida, kaskonsa daban.

Karen da dajinmu ya raina shi ne wannan da ba mu ma ba shi suna ba, sai dai mu ce karen gida: ja ko fari-fari, gajeren gashi, matsakaicin jiki, wutsiya a lanƙwashe. Da hanci yake aiki, kuma dole ne. Daji ne na doka da maje da kaɗanya, inda gamba ke shanye mutum da kaka, ido ba ya wuce taku goma. Mafarauta kan datse masa kunne tun yana kwikwiyo, wai don kada ƙaya ko gwaggon biri su samu abin kamawa. Ba na son wannan al'ada, amma na san dalilinta. In rani ya yi, aka busa ƙaho, aka kaɗa gangi, samari suka fito da gora da barandami, shi ne a gaba, tsaki ɗaya ya ishe shi umarni.

Na biyun baƙo ne. Farin 1973 da na 1984 sun koro Buzaye kudu, wasu suka kama gadi a Kano da Kaduna, wasu suka biyo hanyar Funtuwa da ragowar dabbobinsu. A hannun ɗaya daga cikinsu kawuna ya samu wani kwikwiyo mai dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, haƙarƙari a waje ko ya ƙoshi. Asalin irinsa kwarin Azawak ne, tsakanin Tawa ta Nijar da Menaka ta Mali, ƙasar da mutum ke hango barewa tun tana ɗigo. Da ido yake farauta, da kuma gudu. Ranar da aka sake shi a filin da gobara ta cinye, kafin karnukanmu su gama shinshina ya riga ya dawo da zomo. Aka yi ta zuwa kallo.

Amma da aka shiga kurmi sai ya tsaya yana raba ido. Abin da bai gani ba bai bi ba. Ga shi ba ya son ruwa, mu kuwa daminarmu doguwa ce, ga kaska, ga tsando. Baƙo ya shigo, ba wasa ba fara'a, mutum ɗaya ya sani a gidan. Bai yi ƙarko ba. Kawu ya ce, "Kare ne na gaske, amma ba namu ba ne," bai kuma sake neman irinsa ba.

Duniya kuwa ta nemi irin nasa. A farkon shekarun 1970 aka kai shi Yugoslabiya da Faransa, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin rajistarta. Can ana lissafa shi cikin karnukan da ke wuyar samu, kowane da takardar asali har kakanni. Namu ko hoto ba wanda ya damu ya ɗauka.

Dajin ma ya ƙwace daga hannun mafarauci sannu a hankali. A 1936 aka shata gandun daji na En'e, a 1999 ya zama gandun ƙasa na Kamuku, murabba'in kilomita 1,121, yana kallon dajin Kuyambana a hayin Kogin Mariga. Doka ta hana taɓa gwanki da kanki, wannan kam daidai ne. Sai 'yan bindiga suka zo suka hana har tsintar kaɗanya. Mafarauta da yawa suka koma sintiri, kare ya koma gadi, masu hali suka fara kawo manyan karnukan Turawa daga Kaduna, masu ci kamar gara, masu laushi da an yi zafi. Su ne yanzu ke barbarar karyoyinmu, ana haifo ruwa-biyu marasa hanci.

Bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara a Nuwamban 2024, ɗan ƙanena ya tambaye ni wanne zai ajiye, na Turawa ko na Buzu da ya gani a waya. Na ce masa, "Ɗana, karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai in ya san dajin. Nemi tsohon mafaraucin da bai bari karyarsa ta gauraya ba, ka kai masa goro. In kwikwiyon ya kai wata uku, ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare, ka riƙa sabuntawa duk shekara."