Malamin Makarantar da Rahotonsa Ya Rufe Makarantun Likitanci

A wannan makon za mu leƙa Amurka ta shekarar 1910.

A lokacin, yawancin makarantun koyon likitanci a ƙasar kasuwanci ne kawai. Likitoci kaɗan za su haɗa kai, su kama hayar gini, duk wanda ya biya kuɗi a ɗauke shi. Ɗalibi zai iya gamawa bai taɓa duba marar lafiya ba.

Gidauniyar Carnegie ta ɗauko Abraham Flexner, mutumin Louisville ta jihar Kentucky, ta ce ya bincika. Flexner ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Bai zauna a ofis yana karanta takardun da makarantun suka aiko ba. Ya taka ƙafa ya je dukkan makarantu 155 na Amurka da Kanada, yana gwada abin da suka rubuta da abin da idonsa ya gani: ina ɗakin gwaje-gwajen, ina asibitin da ɗalibai ke koyon aiki, da wane ilimi ake ɗaukarsu. Ma'auninsa shi ne makarantar Johns Hopkins. Rahoton ya kira kowace makaranta da sunanta, kuma ya ce 31 sun isa. Daga baya ya koma aiki da wata hukumar ilimi ta attajirin nan Rockefeller, ya riƙa karkata kuɗi zuwa makarantun da suka bi tsarinsa. Da yawa cikin sauran suka rufe ko suka haɗe.

Inda abin ke damuna shi ne babin da ya yi kan baƙaƙen fata. Makarantunsu bakwai ne a lokacin. Flexner ya ce biyu kaɗai suka cancanci a raya, Howard da Meharry, kuma su ne suka tsira. Ya ma rubuta cewa gara a koya wa likita baƙar fata kiwon tsabta fiye da tiyata, don kada cututtuka su tsallaka zuwa ga fararen fata. Mutumin da bai yarda da maganar kowa ba sai ya gani da idonsa, a nan bai binciki ra'ayin da ya taso da shi ba, alhali yawancin sauran makarantun ba sa karɓar baƙar fata.

Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka ta daɗe tana ba da lambar yabo mai ɗauke da sunansa. A 2020 ta cire sunan.