Yafiya a Rayuwar Kirista: Nazari daga Kwarin Rima

Majami'un Katolika na Birnin Kebbi da Argungu suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato, wadda Bishof Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011. A Janairun 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman coci ta Good Shepherd a Kaduna. Uku suka dawo, aka kashe Michael Nnadi, ɗan wannan dayosis, yana da shekara 18. A huɗubar jana'izarsa Kukah bai ɓoye fushi ba. Ya yarda cewa zuciya na raya ramuwa, ya ce hanyar Almasihu ta hana, sannan ya ɗora wa gwamnati laifin sakaci ba tare da sassauci ba.

Wannan huɗuba ta raba abubuwan da masu wa'azi kan cakuɗa. Yafiya, bisa koyarwar Matta sura 18, ita ce mutum ya saki bashin da yake bin wanda ya cuce shi, domin shi ma an yafe masa wanda ya fi. Misalin da Yesu ya bayar na bawa ne da aka yafe wa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Amma a surar nan dai an umurci wanda aka cuta ya tunkari mai laifi, ya kawo shaidu, ya kai magana gaban ikilisiya. Ke nan mai yafiya yana da damar faɗin laifin da sunansa, kuma hukuma tana nan da nauyin hukunci a wuyanta.

Sulhu kuwa sai da mutum biyu. Kabawa sun san haka: gabar da ta soma tsakaninsu da Sakkwato tun faɗuwar Birnin Kebbi a 1805 ta daɗe kafin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka Argungu a 1934, ziyarar da bikin kamun kifi ke tunawa. Matar da aka kashe wa miji a ƙauyukan Zuru ba ta da wanda za ta zauna da shi, mai laifin yana daji. Abin da ya rage mata shi ne aikin zuciya: addu'ar Ubangiji da ake maimaitawa kullum, ikirari, da binciken kai kafin jibin Ubangiji.

A nan nake ganin fastoci na yin kuskure. Sukan ce wa mai makoki "ki yi haƙuri, ki bar wa Allah" tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, sai yafiya ta zama wani nauyi a kan wanda aka riga aka danne. Yafiya na ɗaukar lokaci: Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a wani rikici a 1992, ya sha faɗi cewa ko bayan ya fara aikin sulhu da Imam Muhammad Ashafa a 1995, ya yi shekaru yana ɗauke da niyyar ramuwa a ransa.