Salon Yanke Shawara Wajen Zaɓen Sana'a

Salon yanke shawara shi ne hanyar da mutum ya saba bi idan zaɓi ya taso masa. Masu ba da shawara kan aiki da sana'a suna lura da shi, domin mutum biyu masu ilimi ɗaya kan zo da tambaya ɗaya, amma taimakon da ya dace da kowannensu daban ne.

Frank Parsons na birnin Boston a Amurka, wanda littafinsa ya fito a 1909, shi ne ya kafa tubalin fagen ba da shawara kan sana'a. A ganinsa mutum ya san kansa, ya san ayyuka, sannan ya auna su da hankali. Daga baya aka gane ba kowa ke bin wannan tsari ba. A 1979 Vincent Harren ya kasa mutane gida uku: mai lissafi, mai bin abin da zuciyarsa ta kwanta da shi, da mai dogaro da wasu. Susanne Scott da Reginald Bruce sun kai salon zuwa biyar a 1995, har da mai gaggawa da mai kauce wa hukunci.

Mai lissafi yakan zo da takarda, ya jera albashi da shekarun karatu, kuma matsalarsa ita ce tara bayani ba iyaka. Mai kaucewa kuwa yakan riƙe fom yana "sai gobe" har ranar rufewa ta wuce. Shi ƙarin bayani ba ya masa magani, sai an gano abin da yake tsoro.

Inda aka fi saɓani shi ne kan mai dogaro. Harren ya ɗauke shi a matsayin wanda ya ɗora wa wasu nauyin da ke kansa. Wannan hukunci ya yi tsauri, musamman a al'ummar da sana'ar ɗa magana ce ta gida gaba ɗaya. Binciken Wei-Cheng Mau na 2000 ya nuna ɗaliban Taiwan sun fi na Amurka bin wannan salo. A 2010 Itamar Gati na Jami'ar Hibru ta Ƙudus da abokan aikinsa suka raba dogaro da wasu gida uku: neman shawarar mutane, miƙa musu hukuncin, da son faranta musu rai. A ma'auninsu, yarinyar da ta saurari mahaifinta sannan ta zaɓa da kanta ba ɗaya take da wadda aka cike wa fom ba.