Daga dutsen Ellora zuwa bakan gizon Zariya

1/ Jama'a, yau zare ne kan gine-ginen ibada guda biyu, ɗaya a Indiya, ɗaya a Zariya. Maganar gwanintar hannu za mu yi, addinin kowa na wurinsa. Ku biyo ni a hankali.

2/ Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun sha ganin wuraren bautar Hindu a bayan jarumai suna rawa. Wanda ya fi ɗaure kai a cikinsu shi ne Kailasa, a Ellora, jihar Maharashtra. A wurin akwai kogo 34 na 'yan Hindu da Buddha da Jain, shi ne na 16.

3/ Masana tarihi na danganta shi da Sarki Krishna na ɗaya na daular Rashtrakuta, a ƙarni na 8. Ba a ɗora dutse kan dutse ba fa. Dutse guda suka samu suka sassaƙe shi daga sama zuwa ƙasa: rufi tukuna, sannan ginshiƙai, sannan giwayen da ke ƙasa kamar su ke ɗauke da ginin. In hannu ya kuskure, ba gyara. UNESCO ta sa Ellora cikin kayan tarihin duniya a 1983.

4/ To mu fa? Ka tashi daga Kumbotso, ka hau titin Zariya, ka wuce gonakin shinkafar Kura, ka shiga birnin Zazzau. Daf da fadar Sarki akwai Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

5/ Shi ba dutse ya samu ba. Ƙasa ce da tubali da azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba. Matsalar azara ita ce gajarta: in ɗaki ya yi faɗi, ba za ta kai daga bango zuwa bango ba.

6/ Dabarar magina ita ce a kafa azara cikin bango, a ɗaure wata a kanta ta ɗan leƙo gaba, a ƙara wata, daga ɓangarori biyu, har su haɗu a tsakiya. Sai a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo. A kansa ake ɗora rufin da ya yi tulluwa. Babban Gwani ya kai wannan dabara inda har yau masu karatun zanen gini ke zuwa nazarinta.

7/ Ga inda abin yake da ciwo. Dutse yana jure sakaci, ƙasa kuwa sai da yaɓe da kulawa, in ba haka ba damina ta cinye ta. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe masallacin, wani ɓangare na tsohon ne kawai ya rage a ciki. Mai son ganin siffarsa ta da sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwafinsa.

8/ Mu a Kano namu ya fi haka. Tsohon masallacin Juma'a na cikin birni, na ƙasa, an maye gurbinsa da sabo a shekarun 1950. Badala kuma kullum ana yankar ta ana gini.

9/ Don haka in Allah ya kai ka Zariya, bayan sallah ka ɗaga kai ka kalli rufin ciki. A Kano kuma ka leƙa Gidan Makama, akwai irin wannan aikin. Ka ɗauki hoto, ka tambayi dattawan wurin sunayen sassan ginin. Magina masu iya bakan gizo suna ƙarewa, kuma yawancin abin da suka sani a kansu yake.

10/ Akwai tsohon soro mai bakan gizo a unguwarku ko ƙauyenku? Ku ajiye mana hotonsa da sunan garin a ƙasa.