Buɗaɗɗiyar manhaja a harkar kuɗi ta Najeriya

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce manhajar kwamfuta da aka saki asalin rubutun umarninta a fili, ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar karantawa, gyarawa da sake rarrabawa. A harkar kuɗi ta Najeriya ana amfani da ita tun daga Babban Bankin Najeriya, wato CBN, har zuwa rumfar mai POS, galibi ba tare da mai asusu ya sani ba.

Suna

Sunan fassara ce ta kalmar Turanci open source, wadda ta yaɗu daga 1998. Tunanin ya girmi sunan: Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, Linus Torvalds kuma ya saki Linux a 1991. A Turanci kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'anar "kyauta" da ta "'yanci", abin da ya daɗe yana jawo ruɗani. Hausa ta raba su, kuma 'yancin ake nufi a nan, domin bankin da ya ɗauki irin wannan manhaja sai ya biya masu girka ta da masu kula da ita.

Ba ɗaya take da "buɗaɗɗen banki" ba, tsarin da CBN ya fitar wa ƙa'idoji a 2021 da 2023. Shi wannan ya shafi musayar bayanan abokin hulɗa ne tsakanin bankuna da kamfanoni, bisa izininsa.

Amfani

Yawancin manyan bankunan ƙasar suna riƙe asusun jama'a da rufaffun manhajoji na saye, irin su Finacle na kamfanin Infosys, Flexcube na Oracle da T24 na Temenos. Sai dai rufaffiyar manhaja ma takan ari buɗaɗɗun sassa, kamar Linux da ke tafiyar da manyan kwamfutoci, ko OpenSSL da ke ɓoye saƙo tsakanin waya da banki.

Misali mafi bayyana shi ne eNaira, kuɗin intanet na CBN da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba, 2021. Kamfanin Bitt na ƙasar Barbados ne ya gina shi a kan Hyperledger Fabric, buɗaɗɗiyar manhaja da ke ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Harsashin a buɗe yake, amma CBN ne kaɗai ke iko da wanda zai shiga rumbun. Akwai kuma Apache Fineract, da aka yi domin ƙananan bankuna da ƙungiyoyin adashi, da Mojaloop da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta saki a 2017 domin haɗa hanyoyin biyan kuɗi.

A Zariya

A kasuwar Sabon Gari da bakin titin Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, masu POS sun zama bankin kusa ga 'yan kasuwa da ɗalibai, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Da yawa daga cikin sababbin na'urorin POS masu allon taɓawa Android ne ke tafiyar da su, kamar akasarin wayoyin da ake tura kuɗi da su. Android kuwa a kan Linux aka gina shi. Ke nan ɗalibar da ta biya kuɗin kwafin takardu ta waya ta bi ta kan buɗaɗɗiyar manhaja, ko da ba ta taɓa jin sunanta ba.

Tsaro

Masu goyon baya suna cewa idanu da yawa sun fi saurin ganin kuskure. Masu suka kuma suna cewa ɓarawo ma yana da ido. Abubuwan da suka faru sun ba kowane ɓangare hujja. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, bayan ta yi kusan shekara biyu a fili ba a lura ba. A Disambar 2021 aka sami wata a Log4j, ƙaramin sashe da dubban manhajoji suka ara, har kamfanoni da yawa suka rasa sanin ko suna da shi. A Maris 2024 kuwa buɗewar ce ta yi rana, lokacin da injiniya Andres Freund ya gano ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a xz kafin ta bazu.

Darasin da aka fi ambata a harkar kuɗi shi ne na Equifax, kamfanin tattara tarihin bashi a Amurka. An fitar da gyaran ɓarakar Apache Struts a Maris 2017, kamfanin bai saka shi ba. Masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Maganin yana nan wata biyu kafin ɓarayin su zo. Irin wannan sakaci ne ke barazana ga tsohuwar wayar Android da kamfaninta ya daina aiko mata gyaran tsaro, alhali manhajar banki tana kanta.

Ba kowace sata ce ke bi ta manhaja ba. Damfarar da ake yi ta kiran waya, inda ake neman lambar sirri ko lambar BVN da sunan ma'aikacin banki, ba ruwanta da ko manhajar a buɗe take ko a rufe.

Doka

Tsarin tsaron intanet da CBN ya ɗora wa bankunan kasuwanci da kamfanonin biyan kuɗi ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2019, kuma a 2022 aka fitar da makamancinsa ga ƙananan bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga masu kutse. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta wajabta wa mai riƙe da bayanai sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 da gano kutsen da ka iya cutar da masu bayanan.