Ciwon haƙori da kuɗin likita: abin da ke faruwa idan tallafin gwamnati ya ragu

 Akwai tambayoyi biyu da ake yawan aiko mana a shirinmu na kiwon lafiya. Ta farko: tunda an ce likitar yara kyauta ce, don me ake rubuta mana takardar magani mu je mu saya? Ta biyu: haƙori fa, yana cikin kyautar? Ga bayanin da muka tattara.

Abin da doka ta tanada

Bayan taron Bamako na shekarar 1987, ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijar, suka koma tsarin da maras lafiya ke biyan wani abu a gidan likita, a yi amfani da kuɗin a sake sayo magani. A 2005 da 2006, zamanin shugaba Mamadu Tanja, gwamnati ta ɗauke wa wasu wannan nauyi: tiyatar haihuwa, awon ciki, maganin tazarar haihuwa, da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ke nan ɗan shekara 3 da dasashinsa ya kumbura yana da haƙƙin a duba shi a CSI ba tare da an biya ba. Amma ciko ko cire haƙorin babba ba ya cikin wannan jeri. Manomi ko ƴar kasuwa da aljihunsu suke biya.

A watan Agusta na 2024 gwamnatin Janar Abdurahman Ciyani ta rage rabin kuɗin ayyukan likita a asibitocin gwamnati, aka fara aiki da shi ranar 1 ga Satumba. Wannan sauƙi ne, amma yana ɗorewa ne idan an cike wa gidajen likita rabin da aka rage.

Ta ina tallafi ke raguwa?

Ba kasafai ake fitowa a rediyo a ce an soke tallafi ba. A hankali yake tsiyayewa. Tsarin kyautar shi ne: CSI ta duba yaro, ta ba shi magani, ta aika wa gwamnati lissafi, sannan ta jira a biya ta. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nuna cewa biyan yana jinkiri ƙwarai, har bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa. To, wanda ba a biya shi ba, da me zai sake cika ɗakin magani? Shi ya sa dubawa take zama kyauta, magani kuwa sai an je farmasi.

Hanya ta biyu daga waje take. Takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rufe iyakoki, magani ya yi wuya, har zuwa lokacin da aka ɗage shi a Fabrairun 2024. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakon USAID, abin da ya taɓa ayyukan lafiya da na yaƙi da tamowa a ƙasashen Afirka da dama.

Nisa ma kuɗi ne

Likitocin haƙori kaɗan ne a Nijar, kuma mafi yawansu suna Yamai da manyan biranen jahohi. Daga Gidan Rumji zuwa Maradi wajen kilomita 50 ne, ban da tafiyar da mutumin ƙauye zai yi kafin ya hau kwalta. A haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da yinin gona da aka rasa, sannan kuɗin aikin kansa. Idan magani ma sai an saya, mutum sai ya ce bari dai in daure. Ya sha ƙwayar rage zafi ta ƴan tebur, ya cusa wani abu cikin kogon, in ta yi tsanani a kai shi wurin wanzami. Kogon da ciko zai wadatar da shi sai ya koma ƙurji mai mugunya, kunci ya kumbura, wani lokaci har ƙwayar cutar ta bi jini.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2009 jahar Kaliforniya ta Amurka ta yanke mafi yawan tallafin haƙori na manya marasa ƙarfi don ta rage kashe kuɗi. Bincike ya nuna masu zuwa sashen gaggawa da ciwon haƙori sun ƙaru, inda aiki ya fi tsada kuma galibi zafi kawai ake kwantarwa. A 2014 jahar ta fara maido da tallafin. Rage tallafi ba ya rage ciwo, jinkirta zuwa likita yake yi, kuma wanda ya zo a makare ya fi kashe kuɗi.

Noma: inda abin ya fi muni

A yankinmu wanda ya fi shan wahalar wannan jinkiri shi ne ƙaramin yaro, saboda cutar da likitoci ke kira noma. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona. Cuta ce da ke farawa daga dasashi, ta ci kunci, leɓe, hanci, har ƙashin muƙamuƙi. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa, ƙyanda ko masassarar cizon sauro suka raunana. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce idan ba a yi magani ba, za ta iya kashe har 9 cikin yara 10 da ta kama. A Disamban 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Ku lura da shekarun. Kyauta tana tsayawa a shekara 5, noma kuwa ba ta tsaya nan ba. Kuma cikin kwanaki kaɗan take wucewa daga kumburin dasashi zuwa ruɓewar fata. Idan an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Idan ta huda kunci, sai tiyata, sau da yawa fiye da ɗaya. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, a Sakkwato kuma akwai asibitin noma da aka buɗe a 1999. Dukansu nesa suke da mu, in an gwada da CSI ta kusa.

Abin da ke hannunmu

Iyaye mata, ku riƙa buɗe bakin ɗiyanku kuna dubawa, musamman bayan ƙyanda ko doguwar masassara. Dasashi mai zub da jini, warin baki mai ƙarfi, yawan dalala, ƙin cin abinci, ko kumburin kunci gefe guda, duk alamu ne na a tafi likita a ranar, ba sai ran kasuwa ba. Kada a ƙona wurin, kada a tsaga.

A wanke bakin yaro da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. A riƙe asuwaki, ko buroshi da man goge baki, safe da dare. A rage alewa da lemun kwalba, manya kuma a rage sukarin shayi. A kai yara allurar rigakafin ƙyanda da awon tamowa.

Idan an rubuta muku magani don babu shi, ku tambayi ma'aikacin wanne ne ya fi gaggawa, ku fara da shi. Sau da yawa shi ma jiran a biya yake yi. Ku kai kuka ga kwamitin kula da CSI ɗinku, da mai gari, da hukumar karamar hukumarku, domin ƙarancin da ba a rubuta shi ba, ba wanda zai gyara shi a sama.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai tambaya ya aiko mana, za mu miƙa ta ga ma'aikatan lafiya a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kare mana ɗiyanmu.