Zazzaɓin Lassa: Cutar da Ta Girmi Sunanta

Da zarar rani ya kama, mukan ji rediyo na gargaɗi kan zazzaɓin Lassa. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar inda sunan ya samo asali?

Lassa gari ne a ƙaramar hukumar Askira/Uba ta jihar Borno. A watan Janairun 1969, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya a asibitin mishan na garin, Laura Wine, ta kwanta da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, aka fitar da ita Amurka, ta sha da ƙyar. A Jami'ar Yale aka gano cewa ƙwayar bairos ce da masana ba su san ta ba, aka laƙaba mata sunan garin. Masanin da ya jagoranci aikin, Jordi Casals, shi ma ya kamu, sai da aka ƙara masa ruwan jinin Pinneo ya tashi. A 1970 cutar ta ɓarke a Jos, ta kashe likita Jeanette Troup bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa.

Bayan ɓarkewar 1972 a Saliyo ne aka gano ma'ajiyar ƙwayar: wani nau'in ɓera da ake kira Mastomys. Shi yana yawo da ita lafiya lau, mutum kuwa yana ɗauka ta abincin da fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa.

Sai a 2015 wani bincike da masanan Nijeriya, ciki har da Farfesa Christian Happi, suka yi tare da takwarorinsu na waje ya bi diddigin tsatson ƙwayar. Sakamakon ya nuna ta haura shekara 1,000 a yankin da yau ake kira Nijeriya, daga nan ta yi yamma. Da annobar 2018 ta zo, irin wannan bincike ya tabbatar ba sabuwar ƙwaya ba ce, kuma akasarin masu cutar daga ɓera suka ɗauka, ba daga mutum ba. Har yanzu babu allurar rigakafi da aka amince da ita, kodayake an fara wani zagaye na gwajinta a Abuja a 2024.

To, ina ruwan marubuci? Shekarar 1969 shekarar rubuta cutar ce kawai. Kakanninmu sun daɗe suna mutuwa da ita, ana cewa zazzaɓi ne ko jifa. Mun san sunayen baƙin da ta kama domin an rubuta su, na gida kuwa galibi sun tafi ba labari. Lassa kuma ta ɗauki tambarin da ba ita ta jawo ba. Irin wannan ne ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari.

Idan za mu sa cuta a labari, mu bincika tukuna, kada kowane ciwo ya ƙare a hannun boka. A unguwanninmu akwai tsofaffin da suka ga agana da idonsu. Mu je mu zauna da su da biro da takarda tun suna raye.